Me ya sa wani yake ganin jinjirin wata, na kusa da shi bai gani ba?

Tambayar da wani ɗan'uwa ya aiko ita ce: mutum goma sun tsaya a fili ɗaya ranar 29 ga wata suna duban yamma. Biyu sun rantse sun ga jinjirin wata, takwas ba su ga komai ba, kuma dukansu mutanen kirki ne da ba a san su da ƙarya ba. Wa ya yi kuskure? Ba an ce gani ya kori ji ba?

Malam, kowane ɓangare yana iya zama shi ne mai kuskuren, ba tare da an sami maƙaryaci ko ɗaya a cikin goman ba. Wata yana iya tsayawa, takwas su kuskure shi. Yana kuma iya zama babu shi sam a sararin, amma biyun su gan shi ƙarara, gani irin wanda mutum zai dafa Alƙur'ani a kai da zuciya ɗaya. Maganar shaidar wa za a karɓa da ranar da za a tashi da azumi hurumin malamai ne da shugabanni, kuma a Najeriya Sarkin Musulmi ne ke sanarwa bayan an tantance rahotanni. Abin da ya shafe mu a nan shi ne aikin ido da ƙwaƙwalwa a cikin waɗannan 'yan mintoci na almuru, domin duban wata yana cikin ayyuka mafi wuya da ake ɗora wa idon ɗan Adam.

A fara da abin da ake nema ɗin. Faɗin wata gaba ɗayansa a sama rabin digiri ne. Idan ka miƙe hannu, ƙaramin yatsanka yana rufe kusan digiri ɗaya, dunƙulallen hannu kuma kusan digiri 10. Ran da tazarar wata da rana take digiri 10, ɓangaren da ke da haske bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na fuskarsa ba. Kaurin jinjirin a tsakiyarsa daidai yake da na silin gashin kai da aka riƙe mita ɗaya daga ido, wato kusan rubu'in mafi ƙanƙantar tazarar da lafiyayyen ido ke iya rarrabewa. Ido yana ganin layin da ya kai haka sirantaka idan ya bambanta sosai da abin da ke bayansa, shi ya sa ake hango wayar lantarki daga nesa. Amma jinjirin wata fari ne a kan sararin da shi ma bai gama yin duhu ba. Ga kuma iska: hasken da ya zo daga digiri 10 sama da ƙasa yana ratsa iskar da ta ninka ta saman kai fiye da sau biyar, a digiri 5 kuma kusan sau goma. A lokacin hunturu, da ƙura ta cika ƙasan sararin, rana ma kanta takan ɓace tun kafin ta kai ƙasa, balle wannan zaren haske.

Lokacin ma ƙanƙane ne. Sama tana juyawa digiri ɗaya cikin minti 4, kuma a ƙasashenmu, daga Kano da Sakkwato zuwa Maraɗi da Damagaram, rana da wata suna sauka ne kusan a miƙe. Watan da yake digiri 10 sama da ƙasa lokacin faɗuwar rana zai faɗi cikin kamar minti 40. A farkon waɗannan mintoci sama ta yi haske da yawa, a ƙarshensu kuma wata ya nutse cikin hazo. Masanin falaki Bernard Yallop ya ƙiyasta a 1997 cewa lokaci mafi dacewa shi ne bayan wucewar kashi huɗu cikin tara na tazarar da ke tsakanin faɗuwar rana da faɗuwar wata, wanda a wannan misali ya kama minti 18 bayan rana ta faɗi. Lokacin nan kuwa yawancin jama'a suna cikin sahun magariba. Wanda ya duba kafin salla ya haƙura, da wanda ya duba bayan an idar da nafila, duka suna iya kuskure watan da ya bayyana na minti biyar a tsakani.

Akwai kuma iyaka da ba ta da alaƙa da ƙarfin idon kowa. Bafaranshe André Danjon ya lura a shekarun 1930 cewa yayin da wata ke matsowa kusa da rana, ƙahoninsa suna gajarta, har idan tazarar ta sauko wajen digiri 7 babu abin da ya rage da ido zai kama. Wata yana nisanta daga rana da kusan rabin digiri a kowace awa, kuma mafi ƙarancin shekarun jinjirin da aka tabbatar an gani da ido tsirara shi ne kimanin awa 15 da rabi bayan haɗuwarsa da rana, wato lokacin da wata ke giftawa tsakanin duniya da rana. Husufin rana yana nuna wa kowa lokacin wannan haɗuwa ba sai da lissafi ba. Ranar 29 ga Maris 2006 cikakken husufi ya ratsa yankunan Zamfara da Katsina da hantsi ya shiga Nijar. Da magaribar wannan rana wata bai kai awa takwas da haɗuwar ba, tazararsa da rana ba ta kai digiri 5 ba, don haka duk wanda ya ga jinjiri a wannan yammacin wani abu dabam ya gani.

To, me ya sa mutum takwas za su kasa ganin watan da yake nan?

Mutum yana jin kamar duk abin da ke gabansa yana ganinsa tar a lokaci guda, alhali ba haka ba ne. A tantanin bayan ido akwai ƙwayoyin karɓar haske sama da miliyan 100, amma wurin da ke gani da kaifi ɗan gurbi ne a tsakiya wanda bai wuce digiri 2 ba, faɗin babban yatsa a miƙaƙƙen hannu. Digiri 10 daga wannan gurbi, kaifin gani ya sauko zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ido yana rufe wannan giɓi ne da tsalle: sau uku zuwa huɗu a kowace daƙiƙa yana sauka nan, ya sauka can, kuma a cikin tsallen kansa kusan ba a ganin komai. Ƙwaƙwalwa ce ke ɗinke guntayen ta ba ka hoto guda. Jinjirin da ke bakin iyakar gani ba ya bayyana sai wannan ɗan gurbi ya sauka a kansa ko dab da shi, ya kuma ɗan tsaya. Mai duban da bai san inda zai duba ba, yana share yamma daga kudu zuwa arewa da ido, zai iya tsallake wata sau ashirin. Dabarar kallon gefe da masu duban taurari suke yi cikin duhun dare ba ta da amfani a nan, haka ma jiran ido ya saba da duhu, domin sararin yamma yana da haske har yanzu, kuma ƙwayoyin ganin rana ne ke aiki.

Matsala ta biyu matuƙa jirgin sama sun san ta sosai. Idan ido yana kallon sarari fayau, babu abin da zai kafa kai a kansa, madubin cikinsa yana sakin jiki ya daidaita kansa a kan tazarar mita ɗaya zuwa biyu. Mutum yana kallon sama amma saitin idonsa na cikin ɗaki ne, bai kuwa sani ba, tunda babu abin da zai yi masa dishi-dishi ya ankarar da shi. A wannan hali siririn layi yana narkewa cikin hasken sama. Maganinsa shi ne a kafa ido a kan wani abu mai nisa, kamar ƙarfen sabis ko kan bishiya a can bakin gari, ko tauraruwa Zara idan ta fito, sannan a ɗaga zuwa inda ake zaton wata, a dawo, a sake. Wannan ne ya sa da zarar mutum ya kama jinjiri sau ɗaya sai ya ga ai a fili yake, har ya yi mamakin na kusa da shi: idonsa ya sami saiti, ya kuma san wurin.

Sai bambancin idanu. Ɗan ƙaramin rashin hangen nesa da mutum bai taɓa lura da shi ba a harkokinsa ya isa ya shafe jinjiri. Yanar ido tun tana farawa tana watsa haske ta rage bambancin fari da fari. Hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai fi kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na ɗan shekara 20 ba. Dattijo ya fi sanin inda wata ke tsayawa, saurayi ya fi idon kama shi, shi ya sa haɗa su a wuri ɗaya ya fi amfani.

Hankali ma yana da nasa rabon. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan masu fararen riguna. A tsakiyar wasan wani ya ratsa cikin shigar goggon biri, ya tsaya ya bugi ƙirji, ya wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. A 2013 aka maimaita irin wannan da likitocin duba hoton huhu su 24, aka saka ɗan hoton goggon biri cikin hotunan da suke bincika, 20 ba su lura ba, kuma na'urar bin motsin ido ta nuna da yawansu sun kalli wurin kai tsaye. Saukar ido a kan abu bai isa ba, sai hankali yana neman irin wannan abin. Wanda yake neman jinjiri mai kauri da dogayen ƙahoni irin na kan hasumiyar masallaci zai iya kallon ɗan gajeren zaren da ke kwance a gabansa ya wuce.

Wannan ɓangare ba ya ba mutane wahalar yarda. Wanda ke da wuyar haɗiya shi ne ɗayan: mutumin kirki ya ga abin da babu.

Abin da ya kamata a gane shi ne ƙwaƙwalwa ba ta jira saƙo ya cika kafin ta yanke hukunci. Kullum cike giɓi take yi, kuma kowa zai iya gwada wannan a zaune. A zana gicciye a hagun takarda da ɗigo a dama, tsakaninsu santimita 10. A rufe idon hagu, a kafa na dama a kan gicciyen, a riƙa matso da takardar a hankali. A wajen santimita 30 zuwa 40 ɗigon zai ɓace, domin ya faɗa inda jijiyar gani ke fita daga ido, wurin da babu ƙwayar karɓar haske ko ɗaya. Abin lura shi ne ba rami baƙi ake gani a wurin ba, farar takarda ake gani. Ƙwaƙwalwa ta ƙirƙiri farin, kuma babu wata alama da ke raba farin da ta ƙirƙira da wanda ido ya kawo. Masanin ilimin gani Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya riga ya faɗi haka a littafinsa Kitabul Manazir: yawancin gani kintace ne da ganewa, masu saurin da mai gani ba ya jin ya yi su. Ya ware kashi na uku na littafin ga kurakuran gani, ya kuma lissafa sharuɗɗa takwas da idan ɗaya ya fita daga matsakaici ido zai yi kuskure: nisa, matsayi, haske, girma, kaurin jikin abin, tsabtar iska, lokaci da lafiyar ido. A daren duban wata kusan dukansu suna bakin iyaka a lokaci guda.

Idan saƙon da ke shigowa ya yi rauni haka, abin da mutum ke sa rai shi ke cike sauran. Kuma kayan cikewa ba su da wuyar samu. Akwai zare-zaren da ke yawo a ruwan cikin ido, waɗanda suka fi fitowa idan ana kallon fili mai haske, wasunsu a lanƙwashe. Akwai tabon da rana ke bari a ido ga wanda ya tsaya yana kallon faɗuwarta, wanda kan ɗauki mintoci yana bin duk inda aka duba. Akwai gashin ido ko na gira da ya lanƙwaso, da hawayen da iska ta tara a bakin fatar ido. A waje kuma akwai siririn gefen gajimare da rana ke haskawa daga ƙasa, da guntun farin layin da jirgin sama ke bari, wanda yake can sama inda rana ba ta faɗi ba tukuna, yana sheƙi. Zara ma, idan tana ƙasa-ƙasa cikin hazo, idon da ke da ɗan lahani a madubinsa yakan ja ta ta zama ɗan layi.

Masu tarihi sun ruwaito cewa wasu mutane sun fita duban wata a Basra, cikinsu har da Sahabi Anas ɗan Malik, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin ya tsufa ƙwarai. Ya ce ga shi can, yana nunawa, sauran ba su gani ba. Alƙali Iyas ɗan Mu'awiya ya dubi fuskarsa, ya ga wani silin gira ya lanƙwaso gaban idon, ya shafe shi, ya ce a sake dubawa. Anas ya ce yanzu ba ya ganinsa. Babu wanda zai taɓa gaskiyar Anas. Iyas ma bai taɓa ta ba, idon ya bincika.

An auna yawan irin wannan kuskure. Tsakanin 1987 da 1990 LeRoy Doggett da Bradley Schaefer sun shirya gangamin duban wata a Amurka, dubban masu sa kai suka aiko da rahoto. A sakamakon da suka buga a 1994 sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na masu duba sukan ce sun gani a yanayin da ganin ba zai yiwu ba. Waɗannan kuwa yawancinsu ba azumi ko salla suke jira ba. Ko da an ɗauka namu masu duban sun fi su taka-tsantsan nesa ba kusa ba, a ce mutum ɗaya ne cikin dubu ke kuskure, idan mutum dubu ɗari suka fita duba a faɗin ƙasa za a sami mutum ɗari masu shaida da zuciya ɗaya a daren da babu wata. Saboda haka yawan masu cewa sun gani ba ya wadatarwa sai an san yawan waɗanda suka duba wuri ɗaya, cikin sarari garau, ba su gani ba.

Ƙwarewa ma ba ta kare mutum. Percival Lowell ya gina ɗakin duban taurari a Arizona a 1894, ya shafe shekaru yana zana ɗaruruwan miƙaƙƙun layuka a fuskar duniyar Mars, yana ɗaukarsu magudanan ruwa da wasu halittu suka haƙa. Da kumbon Mariner 4 ya wuce ta wurin a 1965, da waɗanda suka biyo bayansa, ba a sami layi ko ɗaya ba. Ɗigo-ɗigo ne da tabo-tabo a bakin iyakar gani, ƙwaƙwalwarsa ta haɗa su ta yi layi, kuma da yake ya riga ya yarda suna nan, kowane dare sai su ƙara fitowa.

Taro yana ƙara abin. A 1935 Muzafer Sherif ya zaunar da mutane a ɗaki mai duhu da ɗan ɗigon haske guda wanda ba ya motsi. A irin wannan duhu ɗigon yakan yi kamar yana yawo. Kowa shi kaɗai yana da nasa ƙiyasin nisan motsin, amma da aka haɗa su suna faɗa da baki, sai ƙiyasinsu ya taru wuri guda, kuma ko da aka sake raba su kowa ya ci gaba da ganin na taron. Haka yake a filin duban wata. Da mutum ɗaya ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ya ce ga shi can saman bishiyar nan, sauran sun sami wuri da siffa da kuma nauyin kada a ce idonsu ne ba shi da kyau, musamman idan mai nunawar babba ne. Wani lokaci wannan nuni shi ke sa su kama watan gaskiya. Wani lokaci kuma shi ke sa su ga nasa kuskuren. Daga ciki, su kansu ba za su iya bambance biyun ba. Shaidu biyar da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya nuna wa huɗu, a wajen auna gani sun fi kusa da shaida ɗaya. Bayan an yi hira a hanyar zuwa gidan hakimi kuma, bayanansu za su daidaita tsaf, domin tunawa ma tana ɗaukar gyara daga abin da aka ji.

A ganina nan ne tambayar ta fi buƙatar gyara. Adalcin shaida yana kare mu daga ƙarya, amma ba ya kare mu daga kuskuren ido, kuma ƙarfin yaƙinin mai gani ba ma'auni ba ne, tunda yaƙinin iri ɗaya ne ko ganin na gaskiya ne ko ba na gaskiya ba. Malaman fiƙihu ba su gafala da wannan ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil, idan aka ɗauki wata da shaidar adilai biyu, aka cika kwana talatin, sama tana garau ba a ga sabon wata ba, shaidar tasu ta faɗi. Hanafawa suna neman taro mai yawa idan sama ba ta da gajimare. Taƙiyyuddin Subki, malamin Shafi'iyya da ya rasu a 756 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa idan tabbataccen lissafi ya nuna gani ba zai yiwu ba, a ɗauki shaidar a matsayin kuskure, ko da yake wasu malamai sun saɓa masa.

Tunda mai gani ba zai iya tantance kansa daga ciki ba, sai a nemo ma'auni daga waje, kuma yawancinsu ba sa buƙatar na'ura. Wanda ya ga wani abu ya ƙifta ido da ƙarfi ya goge shi, ya rufe dama ya duba da hagu, ya sauya. Watan gaskiya yana nan a ido biyun, zaren cikin ido kuwa na ido ɗaya ne. Ya kawar da kai ya dawo: tabon rana da zaren ido suna bin ido duk inda ya je, wata yana nan inda aka bar shi. Sai ya daidaita shi da wani abu tsayayye, kan ƙarfe ko reshe, ba tare da ya gusa daga inda yake tsaye ba, ya bi shi minti huɗu zuwa biyar. Wata yana sauka gwargwadon faɗin jikinsa a kowane minti biyu, siffarsa ba ta canzawa, kuma yakan ƙara fitowa yayin da sama ke duhu kafin hazo ya cinye shi. Layin jirgi yana miƙewa ya baje, gajimare yana tafiya gefe ya sauya kama. Abin da ya walƙa na daƙiƙa biyu ya ɓace, bai dawo ba, ba a gina komai a kansa.

Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin 7x50 ko 10x50, yana yanke gardama da wuri, domin jinjirin da ido tsirara ya kama dole ya fito fili a cikinsa. Idan an saita shi a wurin babu komai, magana ta ƙare. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: kada a ɗaga shi yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, domin kallon rana ta cikinsa na ɗan lokaci kaɗan yana ƙona bayan ido, ƙunar da ba ta warkewa. Hoton waya kuma ba a cika dogara da shi ba. Jinjiri a cikinsa 'yan ɗigo ne, kuma hasken fitila ko na sararin yamma yakan yi tsalle cikin gilasan kyamara ya haifar da ɗan baka mai kama da wata.

Mai karɓar shaida ya raba shaidun kafin su yi hira, ya tambayi kowa shi kaɗai, tambayar da ba ta ɗauke da amsarta. Kada ya ce a dama da inda rana ta faɗi ka gan shi ko? Ya ce nuna mini inda rana ta faɗi, nuna mini inda ka gan shi. Ƙarfe nawa, kafin kiran salla ko bayansa? Dunƙulen hannu nawa daga ƙasa? Minti nawa ya yi kana ganinsa? Kai ka fara gani ko nuna maka aka yi? Sannan ya ba shi takarda ya zana. Gefen wata mai haske kullum yana fuskantar inda rana take, kuma a ƙasashenmu rana tana kusan ƙarƙashinsa ne, don haka jinjirin yana kwance, ƙahoninsa suna kallon sama da ɗan karkata hagu ko dama, kuma na daren farko bakansa gajere ne, sau da yawa bai kai rabin da'ira ba. Wanda ya zana shi a tsaye, ko ƙahoni suna kallon ƙasa, ko ya nuna wuri mai nisa daga mafaɗar rana, ko ya ce ya gan shi bayan lokacin da wata ya riga ya faɗi, abin da ya gani ba wata ba ne, ko da shi ne mafi gaskiyar mutanen garin. Manhajojin falaki na waya suna ba da tsayin wata da inda yake da lokacin faɗuwarsa daidai. Sun fi amfani a hannun mai tantancewa, domin mai duban da aka ce masa ga daidai inda zai gani ya fi saurin kama watan gaskiya, ya kuma fi saurin ganin wanda babu.

Saura abu guda da ke tayar da gardama washegari. Mutane su ga jinjiri ya yi kauri ya yi sama, ya daɗe bai faɗi ba, sai a ce wannan ai na kwana biyu ne, an ci mana rana ɗaya. Girman ba hujja ba ne. A ce ranar 29 da magariba wata yana da awa 12 da haɗuwa, bai ganu ba, aka cika talatin. Washegari yana da awa 36, tazararsa da rana ta kai wajen digiri 18, haskensa ya ninka na jiya sau da yawa, zai kuma yi sama da awa ɗaya kafin ya faɗi, har sama ta yi duhu sosai a bayansa. Abu mai haske a kan duhu kuwa ido yana ƙara masa kauri fiye da yadda yake. Wannan wata na daren farko ne duk da girmansa. Irin wannan gardama ta faru tun zamanin Sahabbai: Muslim ya ruwaito cewa wasu matafiya zuwa Umra sun ga jinjiri a Baɗnu Nakhla, wasu suka ce na dare uku ne, wasu suka ce na biyu, da suka tambayi Ibn Abbas ya ce musu na daren da suka gan shi ne.